Tankin Iskar Mai Faci: Dalilin Da Ya Sa Ba A Yi Wa Mai Tsatsa Walda

Duk inda aka ga an kafa tsohuwar taya a bakin titi, an san mai faci yana kusa. Daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, daga Kwangila zuwa Ɗan Magaji, har a dangana da Dutsen Abba, da wuya a yi doguwar tafiya ba a tarar da rumfar mai faci ba. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa Zariya, kuma tirela da motar haya da a-daidaita-sahu da babur da keke, kowanne sai da iska yake tafiya. Ɗalibai da yawa sun san waɗannan rumfuna ciki da waje. Wasu can suke wucewa koyon sana'a idan an tashi daga makaranta, wasu aiken su ake yi su kai babur ɗin gida, wasu kuwa inuwar wurin ce majalisarsu da yamma.

A kowace rumfa akwai injin ba da iska, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani dogon tanki na ƙarfe a kwance. Mutane na zama a kansa, a jingina da shi, har a ɗora masa kwanon abinci. Muddin yana da lafiya, ba ya cutar da kowa. Amma ranar da tsatsa ta ci shi har ya fara yoyon iska daga jikinsa, ya zama abu mafi haɗari a rumfar. Irin wannan tanki ba a yi masa faci, ba a yi masa walda, ba a liƙe shi da gam. Aikinsa ya ƙare, sai a huda shi a sayar wa 'yan gwangwan. Abin da kuke koya a darasin Fiziks da Kemistiri ya isa ya nuna muku dalili.

Me ke cikin tankin?

Injin mai faci kashi uku ne. Akwai abin da ke juya shi, ko dai ɗan injin fetur ko mota mai aiki da lantarki. Akwai kan da ke zuƙo iska daga waje yana tura ta da fistin. Sai kuma tankin da ke ajiye iskar har lokacin da za a buƙace ta. A jikin tankin akwai geji mai nuna yawan matsin iska, da bawul ɗin kariya mai ɗan zobe a kansa, da ɗan famfon zubar da ruwa a can ƙasan cikinsa.

A shekarar 1662 masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana ƙa'idar da ake kira da sunansa: idan aka matse iska ta koma rabin wurin da take ciki, matsinta zai ninka, matuƙar zafinta bai canza ba. Iskar da muke shaƙa tana da matsin kusan bar 1. Idan gejin tanki ya nuna bar 8, ma'anarsa an cusa ƙarin iskar da za ta cika irin wannan tanki har sau takwas a kan wadda ke ciki tun farko. Tanki mai cin lita 100 ke nan ya haɗiye ƙarin lita 800, kuma duk wannan iska hanyar fita take nema.

Tayar ƙaramar mota takan sha psi 30 zuwa 35, wato bar 2 da 'yan kai. Tayar tirela kuwa takan kai psi 100 ko fiye. Tunda iska daga inda matsi ya fi yawa take tafiya zuwa inda ya fi ƙaranci, dole matsin tanki ya fi na tayar da za a hura. Shi ya sa tankunan masu faci da ke bakin babbar hanya sukan yi aiki a bar 8 zuwa 10.

Mu yi lissafi

Bar 1 daidai yake da nauyin kusan kilo 1 a kan kowace santimita murabba'i. A bar 8 ke nan, kowane ɗan wuri mai girman farcen ɗan yatsa a jikin tankin yana ɗauke da kilo 8. Ku auna wuri mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, kusan girman tafin hannun babba. Santimita murabba'i 100 ke nan, a ninka da 8, ya ba da kilo 800. Buhun siminti kilo 50 ne, don haka buhu 16 ne ke danne wurin da tafin hannu ɗaya zai rufe.

Yanzu ku duba murfin ƙarshen tanki mai faɗin santimita 40. Rabin faɗin 20 ne. Idan aka yi 3.14 sau 20 sau 20 za a sami 1,256. A ninka da kilo 8, ya haura kilo 10,000, wato tan 10, ko buhun siminti 200. Wannan nauyi ne ke tura murfin waje, kuma abin da ke riƙe da shi layin walda ne da ƙarfen da kaurinsa a ƙananan tankuna bai wuce 'yan milimitoci ba.

Ƙarfin da ke ajiye a cikin tanki mai lita 100 a bar 8 ya kai kusan na mota mai nauyin tan ɗaya da ke gudun kilomita 50 a awa. Idan iskar tana fita ta tiyo a hankali, taya kawai take hurawa. Idan kuwa ƙarfen ya yage ta fita gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, tankin kan tashi sama ko ya yi gefe kamar an harba shi, gutsattsarin ƙarfe su watsu, ƙarar kuma tana iya fasa dodon kunne.

Daga ina ruwa yake shiga?

Ba wanda ke zuba ruwa a tankin iska, amma duk wanda aka buɗe famfonsa na ƙasa sai ruwa ya fito. Kun san yadda robar lemo mai sanyi take gumi idan an fito da ita daga firji. Wannan ruwa daga cikin iska yake. Iska tana ɗauke da danshin da ido ba ya gani, kuma akwai iyakar abin da za ta iya riƙewa. A zafin digiri 30, lita 1,000 na iska ba za su riƙe fiye da kusan giram 30 na ruwa ba.

Ga misali. A ranar damina mai laima, a ce lita 1,000 na iska suna ɗauke da giram 24. Lita 800 da injin ya zuƙa sun shigo da kusan giram 19 ke nan. Amma wuri mai lita 100 ba zai riƙe fiye da giram 3 a matsayin danshi ba. Da zarar iskar ta huce, sauran sai ya zama ruwa ya gangara ƙasan tanki. A kowane ciko ana samun fiye da babban cokali guda. Idan a yini injin ya zuƙi iskar da ta kai ciko 30, an tara abin da ya kai ledar fiya wata. Wani ya bi tiyo ya fita, saura ya kwanta.

Wannan ne ya sa watannin Yuli da Agusta da Satumba suka fi wahalar da tanki a Zariya. Da hunturu iska a bushe take, ruwan da ke taruwa kaɗan ne. Sai dai tsatsar da damina ta dasa ba ta gogewa don hunturu ya zo.

Tsatsa daga ciki take ci

A darasin Kemistiri an koya muku cewa abu uku ne ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. A cikin tanki duka ukun suna nan, oksijin ɗin ma ya ninka na waje sau tara saboda matsi. Tsatsa kuma ba ta manne wa ƙarfe ta kare shi. Ɓarewa take yi tana zubewa, ta bar sabon ƙarfe a fili, shi ma ya ci gaba da ruɓewa.

Wajen tanki yana da fenti, amma cikin yawancinsu ƙarfe ne tsirara. Saboda haka ana iya ganin tanki ja ko shuɗi yana ƙyalli, alhali ƙasan cikinsa, inda ruwa ke kwana, ya zama kamar ganyen da tsutsa ta ci. Tsatsar takan haƙa ƙananan ramuka birjik a tsawon cikin tankin. Ramin da ya fi zurfi shi ne ke fara hudewa. Idan kun ji iska na fita ta ɗan huji kamar na allura a ƙasan tanki, ku sani na farko ne kawai ya iso. A kewayensa akwai wasu da yawa da suka kusa.

Ba kowane yoyo ne ke kashe tanki ba. Idan iska na fita ta tiyo, ko ta bakin geji, ko ta zaren da aka ɗaura famfo, ana sauke iskar duka a ɗaure ko a canza abin da ya lalace. Yoyon da ba shi da magani shi ne wanda ke fitowa daga jikin tankin kansa, ko daga layin waldarsa, ko daga gindin ƙafafunsa.

Me ya sa walda ba ta magani?

Mai walda yana gyara ƙofa da gado da salansar mota, don haka abu na farko da ke zuwa a rai shi ne a kai masa tankin. Akwai dalilai huɗu da suka sa hakan kuskure ne.

Na farko, walda tana buƙatar ƙarfe mai lafiya da za ta kama. Ƙarfen da ke kewaye da hujin ya riga ya sirance, wuta na taɓa shi sai ya ƙara ƙonewa. Na biyu, zafin walda yana canza ƙarfen da ke gefenta, kuma idan ya huce yakan bar shi a ɗaure, wurin ya zama inda tsaga za ta fara. Na uku, cikin tanki yakan tara baƙin man da ya tsallako daga kan injin. Idan wuta ta gasa wannan mai a rufaffen wuri, yana iya kamawa ya fashe a fuskar mai waldar.

Na huɗu shi ne mafi muni. Hujin nan gargaɗi ne da tankin ya bayar. Idan aka toshe shi, geji zai sake hawa bar 8, kowa ya saki jiki, alhali sauran ƙarfen yana nan yadda yake. Karo na gaba ba lallai ya sake yin ɗan huji ba. Ramukan da ke jere a ƙasa suna iya haɗewa su yage lokaci guda kamar an buɗe zif. Haka abin yake ga gam mai haɗi biyu, da ɗaura noti a cikin hujin, da naɗe shi da robar tif. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan injuna suna rubuta wa masu saye a takardar bayani cewa kada a yi wa tanki walda ko huji ko wani gyara, idan ya yi yoyo a canza shi.

Abin da tarihi ya koyar

Duniya ba ta koyi wannan darasi a banza ba. Ranar 20 ga Maris, 1905, tukunyar tururi ta fashe a masana'antar takalma ta Grover da ke garin Brockton a jihar Massachusetts ta Amurka. Tukunyar ta fasa benaye ta fita ta rufi, ginin ya rufta, gobara ta tashi. Mutum 58 suka mutu, kimanin 150 suka ji rauni. Bincike ya gano tsaga a wurin da aka haɗa ƙarfen tukunyar, a ɓoye inda ido ba ya kaiwa. Bayan wannan ne jihar ta kafa dokokin tukwanen tururi, sannan ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME, ta fitar da kundin ƙa'idojinta a 1915. Daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da tankunan da ke riƙe matsi, kuma har yau ƙasashe da yawa suna aiki da shi.

Ɗaliban Zariya sun saba ganin ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama suna shawagi a kan gari. Babban jirgin fasinja da ke tashi can ƙololuwa shi ma kamar tankin iska yake, domin ana matsa iska a cikinsa don fasinjoji su iya numfashi. A 1954 jirage biyu ƙirar Comet na ƙasar Ingila suka tarwatse a sama kusa da Italiya, ɗaya a watan Janairu, ɗaya a Afrilu. Don gano dalili, masu bincike a Farnborough suka saka gangar jikin wani Comet a cikin ƙaton tankin ruwa, suna matsa ruwa a cikinsa suna saki, sau da yawa, har ya tsage daga kusurwar wata ƙofa. Sun tabbatar cewa ƙarfen da ake matsawa ana saki kullum yana gajiya, kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta karye. Tankin mai faci ma kullum cikin hawa da sauka yake, ga kuma girgizar injin da ke zaune a kansa.

Ku lura da cewa da ruwa suka yi gwajin. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka ba ya tara ƙarfi mai yawa. Idan abin da aka cika da ruwa ya tsage, ruwan tsartuwa yake yi, matsin ya faɗi nan take. Shi ya sa har yau ƙwararru da ruwa suke gwada tanki, su kai shi matsin da ya fi na aikinsa. Akwai kuma na'urar da ke auna kaurin ƙarfe daga waje ta hanyar sauti. Wanda ya ce zai gwada tsohon tanki ta hanyar cika shi da iska ya ga ko zai riƙe, da ransa yake gwajin.

Alamomin da za a lura da su

Idan an kashe inji, ba a amfani da tiyo, amma ana jin sautin fitar iska daga ƙasan tanki. Idan akwai jiƙaƙƙen tabo mai launin ƙasa a cikinsa, ko fenti ya kumbura ya yi ƙuraje. Idan ruwan da ke fita ta famfo ja ne mai kauri, haɗe da ɓarɓashin ƙarfe. Idan an girgiza tankin da babu iska aka ji abu na motsi a ciki kamar tsakuwa. Idan akwai tsaga a gindin ƙafa ko a wurin da aka ɗora inji. Idan akwai tsohon facin walda, ko wurin da ya lotsa. Idan geji ya mutu, ko an ɗaure bawul ɗin kariya da waya, ko an cire shi an toshe gurbinsa da noti.

Wannan na ƙarshe yana buƙatar ƙarin bayani. Bawul ɗin kariya tsohuwar dabara ce. Denis Papin, Bafaranshen da ya yi aiki tare da Boyle a Landan, shi ya sa wa tukunyarsa ta tururi irinsa a 1679. Aikinsa ya buɗe da kansa idan matsi ya wuce iyaka. Injin fetur ba ya kashe kansa idan tanki ya cika kamar yadda na lantarki mai makunnin matsi yake yi, don haka idan hankalin mai faci ya tafi kan wata taya, bawul ɗin ne mai ceto. Toshe shi don yana zubar da iska daidai yake da cire birki don yana ƙara.

A kula kuma da tankunan haɗin gida, waɗanda aka yi da tsohuwar tukunyar gas ko wani bututu aka yi musu walda. Babu wanda ya san iyakar matsin da za su ɗauka, kuma sau da yawa ba su da famfon zubar da ruwa.

Idan tanki ya fara yoyo

Abu na farko, a kashe inji. Idan na lantarki ne a zare shi daga soket, kada ya tashi da kansa idan an kawo wuta. Na biyu, a janye mutane, musamman yara da masu talla. Kada a taɓa hujin da yatsa, kada a ƙwanƙwasa tankin da guduma ko sifana, kada a ja shi ko a mirgina shi alhali da iska a ciki. Na uku, babba ya saki iskar ta tiyo daga nesa gwargwadon tsawonsa, ko a bar ta ta tsiyaye da kanta, har geji ya koma sifili. Tunda geji yana iya yin ƙarya, a buɗe famfon ƙasa a hankali a tabbatar babu sauran iska, sannan a bar shi a buɗe.

Na huɗu, a rubuta a jikinsa da fenti cewa ya lalace. Na biyar, a kwance injin da kan da geji da sauran kayan da ke da amfani. Na shida, a huda tankin da abin huda ƙarfe, manyan huji biyu ko uku, bayan an cire duk abin da ke toshe bakunansa. Kada a yanka shi da wuta saboda man da ke ciki. Wannan aikin manya ne, ɗalibi ya tsaya a kashe inji da janye mutane da sanar da maigida.

Hujin nan yana da muhimmanci. Tankin da aka sayar wa 'yan gwangwan da jikinsa lafiya lau yana iya komawa kasuwa. Wani ya saya, ya yi masa walda da sabon fenti, ya sayar wa wani mai facin da bai san tarihinsa ba. Wanda ya huda nasa kafin ya sayar ya kare ran mutumin da bai taɓa gani ba. Ruwan da aka zubar daga ciki kuma yana da mai, kada a zuba shi kusa da rijiya ko a gona.

Yadda za ka gaya wa maigida

A nan ne abin yake da wuya. Yaron shago ba ya koya wa maigidansa aiki, kuma injin nan shi ne abincin gidan mutumin. Sabon tanki kuɗi ne, yini guda ba aiki ma asara ce. Wanda ya zo da gadara don ya karanta Fiziks ba za a saurare shi ba.

Ka nemi lokacin da babu kwastoma, ka same shi shi kaɗai. Ka nuna masa abin da ido zai gani: tara ruwan famfon a farar roba ya ga ɓarɓashin ƙarfen da kansa. Kana iya cewa, "Oga, don Allah zo ka duba mini wannan. A makaranta an ce idan irin wannan na fitowa, cikin ne yake cinyewa. Ina tsoron kada ya fashe muna kusa." Idan mahaifinka ne ko kawunka, ka ce, "Baba, kai ne ka fi kowa zama kusa da shi, shi ya sa na damu." Ka tuna masa cewa ba duka injin ne ya mutu ba. Kan da injin fetur suna nan, tanki kawai za a nema, kuma ana iya shiga adashi dominsa.

Idan ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kada ka yi musu. Ka ce haka ne, amma shi da kansa ba ya barin direba ya hau hanya da tayar da ta kumbura a gefe. Idan duk da haka ya ƙi, ka gaya wa iyayenka ko wani dattijo a cikin masu sana'ar da yake jin maganarsa. Kafin a canza tankin, kada ka tsaya kusa da shi idan inji na aiki, kada kuma ka yarda a aike ka kai shi wurin walda. Rasa wurin koyon aiki ya fi sauƙi a kan rasa ido ko ƙafa.

Yadda tanki ke daɗewa

Tankin da ake kula da shi yakan yi shekaru masu yawa. Babban sirrin shi ne zubar da ruwa kullum idan an tashi aiki, da damina ma har sau biyu. A rage iskar tukuna, a kawar da fuska, sannan a buɗe famfon a hankali. Idan tankin a karkace yake, a daidaita shi yadda ruwa zai gangaro wajen famfon. A ɗora shi a kan katako ko dakali, kada ya kwana cikin taɓo. A riƙa jan zoben bawul ɗin kariya lokaci-lokaci don a tabbatar bai maƙale ba. Kada a wuce matsin da aka rubuta a farantin da ke jikinsa. Wajen sayen na hannu kuwa, a nemi a kwance toshiyar a haska cikinsa da tocila. Tankin da ba shi da faranti, ko aka yi masa sabon fenti a ƙasa kawai, a bar shi. Araha ba ta ado.

Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta yi magana a kan tankunan iska. Ta buƙaci a rubuta iyakar matsin aiki a jikinsu, a sa musu geji da bawul ɗin kariya da hanyar zubar da ruwa, a kuma riƙa tsabtace su ana duba su lokaci-lokaci. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke kula da wannan doka. Ko da mai duba masana'antu bai taɓa zuwa rumfar bakin titi ba, iskar da ke cikin tankin Dutsen Abba ba ta da bambanci da ta babbar masana'anta a Kaduna.

Akwai wani gargaɗin da ya shafi matasa kai tsaye. Tiyon iska ba abin wasa ba ne. Kada a kaɗe ƙurar jiki da shi, kada a nuna shi a ido ko kunne, kada kuma a kai shi bayan aboki da sunan raha. Iska mai matsi tana ratsa wando ta shiga ciki ta fasa hanji, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya a ƙasashe daban-daban.

Idan hatsari ya faru, a danne wurin da ke zubar da jini da tsabtataccen ƙyalle. Kada a zare ƙarfen da ya shige jiki. Kada a ɗaga wanda ake zaton ya bugu a wuya ko baya da garaje. A kira 112, ko 122 na jami'an kiyaye haɗurra idan a bakin hanya ne, a garzaya asibiti mafi kusa, kamar Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wanda ya ji kunnensa ya toshe bayan ƙarar, shi ma likita ya duba shi.

Gwaji biyu don ajinku

Ku nemi sabon sirinji marar allura. Ku ja iska, ku toshe bakin da yatsa, ku danna. Za ku ga ya shiga, idan kun saki kuma ya dawo da ƙarfi. Ku cika shi da ruwa ku sake dannawa. Ba zai motsa ba, ba zai kuma yi tsalle ba. Wannan ne bambancin gwajin iska da gwajin ruwa.

Sai ku sami kwalabe uku da ƙusoshi uku da aka goge da sanfefa. Ta farko a busasshiyar kwalba a rufe. Ta biyu a nutse cikin ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba ɗan man gyaɗa a sama don ya tare iska. Ta uku rabinta a ruwa, rabi a waje, kwalbar a buɗe. Bayan mako guda ku duba wadda ta fi tsatsa, ku rubuta dalili. Ƙusa ta uku ita ce hoton ƙasan tankin da ba a zubar masa da ruwa. Ku tafi da kwalbar rumfar da kuke koyon aiki, ku ajiye ta inda maigida zai gani.